Harafi Ɗaya a Cikin Biliyan Uku: Yadda Ake Gadon Sikila da Dalilin Yawanta a Ƙasar Fadama

A binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a faɗin Nijeriya a shekarar 2021, Jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yaran da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Kimanin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka duba jininsu a jihar an same su da ita, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Shi ya sa ba a yi mamaki ba da aka sa Kebbi tare da Bayelsa a sahun farko lokacin da aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disamba na 2024. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru, da masunci a bakin Kwara a Yauri, ba su buƙatar alƙaluma kafin su san ƙarfin sauro a ƙasarsu. Abin da ba kasafai ake faɗa musu ba shi ne cewa sauron nan yana da hannu a yawan cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila, duk da cewa gadonta ake yi, cizo ba ya kawo ta. Kafin a gane inda abubuwan biyu suka haɗu, sai an fara sanin yadda gadon jiki yake tafiya, domin rashin saninsa ne tushen zargin da ke kashe aure, yana ɓata zumunci a gidajen da cutar ta shiga.

Tun zamanin da, mutane sun lura cewa siffa takan ɓuya a zuri'a, ta tsallake uba, sannan ta bayyana a jika ko tattaɓa-kunne. Ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗan da matarsa ta haifa saboda launinsa ya saɓa da nasa. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a cikinsu. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta jawo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma yana iya zama haka, kuma ba a yarje masa ya kore yaron ba.

Lissafin wannan ɓuya da bayyana ya fito ne daga hannun Gregor Mendel, wani malamin Kirista da ya shafe kimanin shekara takwas yana barbarar wani nau'in wake a lambun gidan ibadarsu a birnin Brno, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. Da ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa a tsakaninsu, sai gajarta ta dawo a ɗaya cikin kowane huɗu. Daga nan ya gane cewa kowane mai rai yana riƙe da kwafi biyu na umarnin kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wani kwafin yakan danne wani ba tare da ya shafe shi ba. Ya buga sakamakonsa a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 1900, bayan ya daɗe da rasuwa. Inda umarnin yake ajiye kuwa, wato sinadarin DNA, sai a 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana ƙirarsa, suna dogaro da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Yau an san cewa rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, masu yawan kusan biliyan uku, an naɗe su a ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin dubu 20. A nan ya dace a faɗi wani abu a taƙaice: kuromosom ɗin da ke sa jariri ya zama namiji daga uba kaɗai yake zuwa, saboda haka macen da ake yi wa gori don ta jera 'ya'ya mata an ɗora mata abin da ba ya hannunta.

Sikila ce cutar farko da kimiyya ta bi diddiginta har zuwa harafi guda. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da rahoton wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe da siffar lauje maimakon su zama kewayayyu. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, kuma a shekarar ce James Neel ya tabbatar da cewa gadonta yana bin lissafin Mendel sau da ƙafa. Daga 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin wurin: a cikin jerin tubala 146 da suka haɗa ɓangare ɗaya na himogulobin, na shida ne kawai ya sauya. A rubutun DNA, a kan kuromosom na 11, inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG.

Daga wannan sauyi ɗaya duk wahalar ta taso. Idan himogulobin mai sauyin ya saki iskar da ya ɗauko, sai ya manne da 'yan uwansa su yi dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta daina lausasa. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan maƙale a ƙananan hanyoyin jini, wurin da jini bai kai ba kuwa sai ya ɗauki raɗaɗi, wanda shi ne ciwon ƙashi da gaɓoɓin da ke kwantar da mai sikila, musamman da sanyin hunturu, ko bayan dukan ruwan sama, ko lokacin da ƙishirwa ta kama jiki a zafin bazara. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, shi ya kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace tun yaro yana ƙarami, sai namoniya ko sanƙarau su same shi ba kariya.

Wanda ya gaji kwafi mai lafiya daga iyaye biyu shi ne AA. Wanda ya gaji ɗaya mai lafiya ɗaya mai sauyi shi ne AS, kuma galibi lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dako har ya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Wanda ya gaji mai sauyi daga ɓangarori biyu shi ne SS. A ɗauka miji da mata kowanne yana da ƙwarya da ƙwayar masara biyu a ciki, fara da ja, kuma a kowane ciki kowannensu zai sa hannu ido rufe ya ɗauko ɗaya, sannan ya mayar da ita kafin ciki na gaba. Ja da ja za su haɗu sau ɗaya cikin huɗu, fara da fara sau ɗaya cikin huɗu, sauran rabin kuma gauraye. Mayar da ƙwayar nan cikin ƙwarya shi ne abin da mutane suka fi kasa riƙewa. Maganar da ta yaɗu cewa ɗan fari yana tsira, ko cewa na huɗu ne kaɗai ke kamuwa, ko cewa wanda ya riga ya haifi mai sikila ɗaya zai sami uku lafiyayyu a bayansa, duk ba su da tushe. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Idan AS da AS suka haifi huɗu, damar a ce babu SS ko ɗaya a cikinsu kashi 32 ne cikin ɗari. Idan shida ne, ta sauko zuwa kashi 18. A gidajenmu da haihuwar shida ko bakwai ba baƙon abu ba ce, wannan lissafi ya fi ƙarfin a yi masa riƙon sakainar kashi.

Gidan mata biyu ko uku ya fi ko'ina nuna yadda ido ke yaudarar mutum. Maigida AS ne, uwargida AA, amarya AS. Ɗakin uwargida ba za a taɓa samun SS ba, ɗakin amarya kuwa yara na ta kwanciya asibiti. Dangin miji za su ce ga shaida nan ƙarara, jininta ne ba kyau, tunda ga 'ya'yan ɗayar lafiya lau. Dangin amarya kuma su fara zancen sammu da hannun kishiya. Duk sun kauce. Kowane yaro mai SS rabin abin da ke damunsa daga mahaifinsa ya zo, kuma kusan rabin lafiyayyun 'ya'yan uwargida ma suna ɗauke da S ɗin nan na uban, za su kai shi gidajensu. Ina kyautata zaton cewa da yawa daga cikin matan da a da ake kira masu wabi, waɗanda 'ya'yansu ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya tun kafin yaye, wannan ne ya same su, a zamanin da babu mai iya duba jini.

Sai tambayar da ta fi ɗaure kai. Idan masu SS sun kasance suna rasuwa tun suna yara, me ya hana S ƙarewa a cikin al'umma? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya lura cewa masu AS sun yi yawa a gaɓar teku da kewayen tafkin Biktoriya inda zazzaɓi ya yi katutu, amma sun yi ƙaranci a kan tuddai masu sanyi inda sauro bai da ƙarfi. A 1954 ya buga hujjar cewa AS yana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yana rage haɗarin mai tsananin da kusan kashi 90 cikin ɗari. Mai AS shi ma yana kamuwa da zazzaɓi, sai dai da wuya ya kai shi ga suma ko mutuwa. Mai SS kuwa zazzaɓin ya fi yi masa illa fiye da kowa. An ga wannan a ƙasar Hausa ido da ido a babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, a shekarun 1970. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun tarar cewa kimanin biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, amma a cikin waɗanda suka girma da ƙyar aka sami ɗaya a cikin dubu. Masu AS kuwa kasonsu ƙaruwa ya yi, daga kusan 24 cikin ɗari a jarirai zuwa kusan 29 a manya, domin zazzaɓi ya fi ɗibar yara masu AA. Abin da sikila ke ragewa ta wannan ɓangare, sauro na mayar da shi ta wancan. Wani nazari na 2018, wanda Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan asalin Nijeriya, suka yi, ya kiyasta cewa sauyin ya faru ne sau ɗaya kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da tafkuna da ciyawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da S, kuma ana haihuwar jarirai kimanin dubu 150 masu cutar a kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Lissafin ba shi da wuya: idan ɗaya cikin huɗu AS ne, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS, kuma haihuwa ɗaya cikin 64 za ta zo da SS.

Wannan lissafi ne ke gyara wata magana da 'yan boko suka cika yi, cewa auren zumunci ne ya kawo sikila. Gaskiya ne 'ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, kuma binciken da aka buga a 2013 kan jariran birnin Biradfod a Ingila ya nuna cewa irin wannan aure na ninka haɗarin haihuwar jariri da nakasa daga kimanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Amma tasirinsa ya fi girma a cututtukan da ba su da yawa. Idan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da wata ɓoyayyiyar cuta, mai ɗauke da ita da ya auri bare da wuya ya haɗu da wata mai ɗauke da ita, idan kuwa ya auri 'yar baffansa damar haɗuwar ta kai kusan ɗaya cikin takwas. A sikila bambancin ƙanƙane ne: mai AS da ya auri bare daga wata jiha yana da damar ɗaya cikin huɗu ta haɗuwa da AS, idan ya auri 'yar kawunsa ta koma kusan ɗaya cikin uku. Ke nan gudun auren gida ba ya wadatarwa, kuma 'yan uwan da aka gwada aka ga ɗayansu AA ne babu fargabar SS a tsakaninsu. Gwaji ne ke raba gardama.

Shi ma gwajin yana da nasa cikas. Mutane da yawa na rikita rukunin jini, wato O da A da B da ake dubawa don ƙarin jini, da jinotayif, wato AA ko AS ko SS; wanda ya ce shi O ne bai faɗi komai game da sikila ba. Tsohon gwajin da ake ɗiga sinadari a ga ko ƙwayoyi sun lanƙwashe ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin wani nau'in himogulobin mai sauyi da ake kira C, alhali AS da AC suna iya haifar SC, wadda ita ma cuta ce. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba. Saboda haka idan takarda ta ce miji AA ne, sannan aka haifi SS, abin da hankali da addini suka yi umarni da shi shi ne a sake gwajin a babban asibiti kafin a buɗe baki a kan mutuncin matar. Jihar Kano ta wajabta gwajin kafin aure da doka a 2024, kuma mataki ne mai kyau, sai dai a ganina lokacin ya yi latti. Bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, iyaye sun kira dangi daga Jega har Kamba, kaɗan ne ke da ƙarfin zuciyar fasawa, nan ne kuma ake samun masu neman takardar bogi. Yarinyar da ta san jinotayif ɗinta tun tana makaranta za ta yi tambayar ne a farkon zance.

Ga waɗanda an riga an haife su, binciken ya bi wata hanya mai ban sha'awa da ta faro daga wata likitar yara a Niyok, Janet Watson. A 1948 ta lura cewa jarirai masu sikila ba su nuna alama sai sun yi wajen wata shida, ta kuma danganta hakan da wani himogulobin na daban da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, wanda ba ya mannewa, kuma jiki ke daina yinsa bayan haihuwa. Tun daga nan masana ke neman hanyar sake kunna shi. Maganin haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, yana yin hakan gwargwado, yana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Wani muhimmin ɓangare na shaidarsa daga arewacin Nijeriya ya fito. An san cewa kusan ɗaya cikin goma na yara masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20, kuma ana iya gano waɗanda ke cikin haɗari da na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi musu wata-wata, abin da ba zai yiwu ga talakan Bunza ko Zuru ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada haidiroksiyuriya a madadinsa, suka nuna cewa ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya.

Ƙarshen wannan hanya shi ne gyaran ƙwayar gadon kanta. Bayan an gano a wajajen 2008 cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke kashe himogulobin na ɗan tayi, kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier sun fito da dabarar yanke DNA da ake kira CRISPR a 2012, sai aka haɗa biyun. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a raunana aikin BCL11A a cikinsu, a kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar da gyararrun. Birtaniya da Amurka sun amince da wannan magani, Casgevy, a ƙarshen 2023, kuma kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Dashen ɓargo daga ɗan uwa, wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, shi ma yana warkarwa, amma yana buƙatar wanda ɓargonsa ya dace, ga tsada ga haɗari. Akwai kuma abin da masu yaɗa labarin ba su cika faɗa ba: duka hanyoyin biyu jini suke gyarawa, ba su gyara ƙwayoyin gadon da ke cikin maniyyi ko ƙwan mace, saboda haka wanda ya warke zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa S.

Abin da zai ceci yaro a Kebbi a yau ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Tun 1986 aka nuna cewa ba wa ƙananan yara masu sikila fenisilin kullum yana rage mummunar cutar da ke shiga jini ta kashe su da kashi 84 cikin ɗari. A haɗa da cikakken rigakafi, da gidan sauro, da maganin kariyar zazzaɓi, da yawan shan ruwa, da koya wa uwa ta riƙa taɓa cikin yaro don ta ji kumburin saifa, ta kuma garzaya asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi. Sharaɗin duk wannan shi ne a san yaron tun kafin ciwon farko ya kayar da shi. Yanzu akwai ƙananan kayan gwaji irin su HemoTypeSC da ke ba da amsa da ɗigon jini ɗaya ba tare da lantarki ba, kuma Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja ta nuna a Gwagwalada cewa ana iya gwada jarirai a wurin da ake kawo su allurar rigakafi. Wannan ya dace da jihar da mafi yawan haihuwa a gida ake yin ta, tunda uwar da ba ta haihu a asibiti ba takan kawo jaririnta rigakafi.

Kada kuma a ɗauka cewa idan allurar zazzaɓi da gidajen sauro suka yi nasara, sikila za ta bi sauro ta tafi. Ƙwayar gado da ta ɓuya a jikin lafiyayyu a hankali take raguwa, zuri'a bayan zuri'a. Baƙaƙen fatar Amurka sun bar Afirka ta Yamma ɗaruruwan shekaru da suka wuce, an kawar da zazzaɓin cizon sauro daga ƙasarsu tun wajen 1951, amma har yau kimanin ɗaya cikin 13 na jariransu AS ne, kuma ɗaya cikin 365 ana haihuwarsa da cutar.